Shekarar da Kinin Ta Girma

Yanzu idan saurayi yana son kare a Tawa, tasha yake zuwa. Ya tarar wani ya zo da 'yan kwikwiyo a kwali, ya zaɓi mai ƙaton kai, ya kai gida ya ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa yana zuba masa ragowar shinkafa. Bayan shekara ya zo yana ce mini, "Baba Arzika, karen nan ya lalace. Da in na shigo har kafaɗata yake hawa, yanzu ko kai ba ya ɗagawa." In ce masa bai lalace ba, girma ya yi. Ba sa yarda. A ganinsu horon kare ba sana'a ba ce, tuwo ne da tsawa. A zamaninmu kuwa, farkon shekarun mulkin kai, lokacin da dajin da ke tsakanin Barmu da Tebaram yake cike da zomo da zabo da barewa, mutum yakan ci abinci da wannan aiki, ya yi aure da shi, a san sunansa a kasuwanni. Ni da shi na ci.

Aikin farko da maigidana, Baba Nomau na Barmu, ya sa ni shi ne cire kaska. Na je wurinsa da zumuɗin farauta, ina ganin gobe za a ba ni kere in shiga daji. Sai ya miƙo mini matsefata da tsingaro mai toka, ya nuna mini karnukansa kwance a gindin aduwa. Kowace safiya in bi su ɗaya bayan ɗaya: cikin kunne, ƙarƙashin wuya, hammata, tsakanin yatsu inda ƙarangiya ke maƙalewa. Rani guda na yi a kan haka. Da na gaji na yi ƙorafi, ya ce, "Kai ɗan nema, hannun da bai san jikin kare ba, mi za shi hwaɗa mishi cikin daji?" Gaskiyarsa. Kafin damina ta sauka, da tafin hannu nake gane wanda zazzaɓi ya kama, da wanda ya gurɗe yana ɓoyewa, da karyar da ta kusa neman namiji, tun ido bai ga komai ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Kere guntun sanda ne mai lanƙwasa da ake jifan zomo da shi, kowa shi ke sassaƙa nasa daidai nauyin hannunsa. Igiya ta fatar akuya ce murɗaɗɗiya, kuma ba a ƙulla ta a wuyan kare. Zura ta ake yi ta cikin abin wuyansa a riƙe bakin biyu a hannu, in dabba ta tashi ka saki baki guda, kare ya fice ba tare da an tsaya kwance ƙulli ba. Sai salka ta ruwa, da ƙahon kira, da kasko, kowane kare da nasa. Abincinsu tsaki ne da nono, ba tuwo da miya ba. Akwai mafarauta a nan ƙasarmu ta Adar da ke cusa wa kwikwiyo barkono da gidan zanzaro wai don ya yi zafin rai. Baba Nomau dariya yake musu, ya ce su fara ci su da kansu mu ga ko za su kamo barewa. In zafi ya shigo ƙasa ta fara ƙuna, mukan ƙunsa musu lalle a tafin ƙafa don ya yi tauri.

Daga baya na bar Barmu da ƙarfina. Na bi masu koron shanu har Kumasi, na yi dako a Gao, na zauna birnin Fallami wajen Larabawa masu raƙuma, na yi gadi a Yamai gidan wani Bature. A can na tsinci Zabarmanci da Fillanci da ɗan Faransanci, Buzanci kuwa da shi na tashi. Duk inda na sauka karnukan wurin nake fara kallo. Maharban kurmi a ƙasar Asante ƙararrawa suke rataya wa nasu, don ba a ganin komai cikin duhuwar itatuwa sai dai a ji. Bafillace yana barin nasa ya tashi cikin garke har ya ɗauki kansa ɗan maraƙi. Baturen da na yi wa gadi da sabulu yake wanke nasa, ya sa shi gaban mota ni ina baya. Mu Hausawa muna cin moriyar kare muna kuma ƙyamarsa. Ban ga masu girmama shi kamar Buzayen arewa ba. Kare gama-gari idi suke ce masa, amma siririn nan mai dogayen ƙafafu da ƙugu kamar zare, wanda suke kira oska, ba a sayar da shi ko da raƙumi. Kyauta ake ba da shi, kuma wanda ya ba ka yana da ikon zuwa ya ga yadda ka riƙe shi.

Abu guda na tarar iri ɗaya ne ko'ina, shi ne yadda kare yake girma. Kwikwiyo ba shi da tanadi. Ƙarfinsa duka a waje yake: ya bi ƙadangare, ya bi buzuzu, ya bi inuwar shirwa, kafin hantsi ya zube. Ƙaunarsa ma haka, kowa nasa ne, ɓarawo da liman wutsiya ɗaya yake kaɗa musu. Daga nan ya shiga lokacin da muke cewa ya kurumce. Ƙafafu sun yi tsawo, kai bai cika ba. Ka kira shi ya dube ka ya ci gaba da abin da yake yi, ya saci nama, ya tsokani manya su yaga masa kunne. Yawancin mutane a nan suke fid da rai su yi ta duka. Wajen damina ta biyu sai ka ga ya lafa. Ya yini kwance kamar mara lafiya, kaza ta wuce ta gabansa ko ido bai buɗe ba. Amma bari zomo ya tashi, gudun da zai yi a ranar bai taɓa yin rabinsa ba yana yaro. Ajiye ƙarfi ya koya. Haka yake ajiye ƙauna. Ya daina tarbar baƙi, ya daina lasar yara, ya tattara abin da yake raba wa gari duka ya ba mutum guda. Ba kuma da tsalle zai nuna ba. Zai zo ya taɓa bayan hannunka da hanci, ko ya jingina haƙarƙarinsa da ƙwaurinka kuna tsaye, shi ke nan gaisuwar yini.

Wahalar sana'ar a nan take. Mutum ya kawo maka kwikwiyo amana, kai ke ci da shi, kai ke cire masa ƙaya, kai ke ja masa fatar zomo da igiya yana bi. In ya lafa a hannunka, kai zai zaɓa, mai shi ya tashi a tutar babu. Baba Nomau yana da doka a kai: "Ran da kag ga ya bar tarbon baƙo, aika a kira mai shi." Daga ranar mai horo ya janye jiki. Ba kiran suna, ba abinci daga hannu, ba haɗa ido. Mai kare shi zai rataya salka ya shiga daji da shi har ƙishirwa ta kama shi, ya ba shi ruwa a tafin hannunsa. In ya yi kamun farko aka yanka, hantar daga hannun mai shi za ta fito.

Da na dawo gida na kafa nawa wurin a gefen Tawa. Mafarautan ƙauyuka suna kawo mini kafin farautar rani, makiyaya suna son wanda zai tsaya wa dila da kura. Lada kuwa hatsi ne, ko cinyar dabbar farko, ko kwikwiyo daga haihuwar farko. Sai ga sababbin masu zuwa da ba mu saba da su ba. Turawa sun bar ofisoshi, an turo 'yan ƙasa daga ko'ina, malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan gidan waya da na gidan likita, an zuba su cikin manyan gidaje ba dangi kusa. Wasu gadi suke so, wasu abokin zama kawai, ko da yake ba za su faɗa ba.

Cikinsu babu wanda nake tunawa kamar Likita Hamani. Bazabarme ne daga wajen Doso, ma'aikacin jinya, amma kowa Likita yake ce masa. Siriri ne mai yawan dariya, da keke da wandon kaki. Wata safiya cikin sanyi ya jingina kekensa a jikin dangata, ya buɗe jakar magani ya fito da 'yar kwikwiyo mai launin rairayi da fararen ƙafafu. Ina ganin ƙugun na san oska ce. Ya ce wani dattijon Buzaye mai suna Agali, mai zango arewa da Tebaram, shi ya ba shi. Ɗan Agali ne raƙumi ya ciza a hannu, ciwon ya ruɓe, Likita ya zauna a zangon yana wankewa yana ɗaurewa har hannun ya tsira. Kafin nan, in mutanen zangunan suka hango motar masu lambar agana, kwashe yara suke yi su shige daji. Bayan nan Agali da kansa ya zauna gaban jama'a ya naɗe hannun riga aka fara da shi.

Na ce, "Likita, ka san abin da kaɗ ɗauko kuwa?"

Ya ce, "Kare."

"Wagga ba kare ba ce, surukuta ce. Wanda yab ba ka ita za shi zo dubin ta."

"Shi ya sa na kawo ta wurinka, Arzika. Ni allura na iya."

Ya sa mata suna Kinin, ya ce duk cikin magungunan da ke jakarsa shi ne bai taɓa ba shi kunya ba.

Kowace Lahadi in kasuwa ta fara watsewa sai ya zo. Tun daga nesa take jin ƙarar sarƙar kekensa, ta yi ta tsalle har igiya ta shaƙe ta. Ta yaga masa safa, ta sace masa hula ta zaga gida da ita, shi kuwa ya zauna a ƙasa da kakinsa yana dariya. Ya ce in koya masa cire kaska, na koya masa, hannunsa ma ya fi nawa sauƙi. Da ta kurumce ta kashe zabon maƙwabcina, shi ya je da kansa ya durƙusa ya ba da haƙuri. Horonta bai ba ni wuya ba. Na haɗa ta da wata tsohuwar karya tawa tana bin ta a baya, ta koyi yanke wa zomo hanya maimakon bin sawunsa. Komai yana tafiya daidai, saura lokacin miƙawa.

Sai mugunyar shekara ta zo. Ruwan sama ya ɗauke sa'ad da gero yake bununi, rijiyoyi suka ja baya, namun daji suka yi nisa. Diloli suka fara shigowa bayan gari neman abinci, daga nan haukan kare ya ɓulla. Likita ne ya fara gaya mini, ya zo da rana tsaka ba dariya a fuskarsa.

Ya ce, "Fitar da karnukanka daga gari yau. Duk wanda aka ciza a cikinsu, kada ka yi masa magani, kada ka ji tausayinsa. Na ga yaron da abin ya kama jiya. Ba na son in sake gani."

Na bi maganarsa, ita ce ta tsirar da nawa. Ba a jima ba aka fara watsa nama mai guba a lunguna da bakin kasuwanni, har ƙauyuka. Guba ba ta tambayar wane ne mahaukaci wane ne mai lafiya. A shekarar irin karnukan Baba Nomau ya ƙare a Barmu, irin da ya gada daga ubansa. Ni na kwashe nawa zuwa bukkar gonar surukina a Bambai. A daidai lokacin agana ta ɓarke a arewa, aka tura Likita da 'yan aikinsa su bi zanguna. Ya ce mini zai dawo kafin sanyi ya wuce. Bai dawo ba sai da zafi ya kankama.

A can Bambai Kinin ta fara neman namiji. Na kulle ta cikin rumbu, da ma babu komai cikinsa a shekarar. Da abin ya wuce na buɗe, wata dabba ce ta fito. Ƙirji ya faɗaɗa, tafiya ta nutsu. Matar surukina da take wasa da ita kullum ta kawo fura, Kinin ta dube ta ta kau da kai. Na gane alamar. Na ba wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa arewa saƙo zuwa ga Likita, amma wa zai sami mutumin da yau yana wannan rijiya gobe yana waccan? Ba wani hannu da zai ba ta abinci sai nawa. Wata rana ina tsaye ina gyaran igiya na ji nauyi a ƙwaurina. Ita ce ta jingina.

Ran da Likita ya iso Bambai, ya yi baƙi ya rame, leɓɓansa duk sun tsage. Ya yar da keke ya tsuguna ya buɗe hannuwa yana kiran sunanta. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta tashi a hankali ta zagayo bayan ƙafafuna ta kwanta. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce in kawo ruwa a ƙwarya in ajiye mata. Ya kalli yadda take sha, ya duba idonta da muƙamuƙinta daga inda yake, ko haukan ne ya taɓa ta.

Ya ce, "Lafiyarta lau."

Na ce, "Lau."

"To me na yi mata?"

"Ba ka yi mata komi ba, Likita. Girma tay yi ba ka nan."

Ya zauna a kan turmi ya gaya mini sauran. Agali ne ya yi musu jagora zango zango duk tsawon aikin, in ba don shi ba da rabin mutanen ba su tsaya ba. Kullum sai ya tambayi labarin karyar. Da za su rabu ya ce in dabbobi sun gangaro rijiyoyin kusa da Tawa kafin ruwa ya sauka, zai shigo kasuwar Lahadi ya sha shayi a gidan Likita ya gan ta.

Ya ce, "In ya tarar kai take bi, me zai ce?"

Na ce, "Ba shi cewa komi. Shi sha shayi, shi yi godiya, shi hau raƙuminai."

"Sannan?"

"Sannan ran da kak koma da allura, ka iske toka da kashin awaki."

Ya san haka ne. A wurinsu wanda aka ba oska aka same ta a bayan wani, ya sayar ke nan ko ya raina. Ba fushi za su yi ba, janyewa za su yi, kuma yaran zangunan ne za su rasa lamba.

Da gubar ta lafa muka koma gari, labari ya bazu. Ɗan Ladi mahauci, wanda nake karɓar ƙashi a wurinsa, ya tare mu a rumfarsa.

Ya ce, "Likita, abin ga bai kai ga haka ba. Ran da Buzun za shi zo, in cika maka aljihu da kilishi. Wallahi ko ni sai in bi ka."

Likita ya ce, "Kai ai ko babu kilishi kana bi na, tun ran da na cire maka haƙori kyauta."

"To ka gani? Dabara tana aiki."

"Mutumin da ke jin warin ruwa daga tafiyar yini, shi zan ɓoye wa kilishi? A'a. In ta ƙi ni, zan gaya masa da bakina."

Muka bi hanyar Baba Nomau, ko da yake lokacinta ya wuce, ban kuma taɓa ganin an gwada ta ga kare da ya riga ya zaɓa ba. Aka kai ta gidan Likita aka ɗaure. Ta cinye igiya, da safe na same ta kwance a ƙofata. Ban kira sunanta ba, ban dube ta ba, na ɗebi ƙasa na watsa gabanta na shige. Na aika aka gaya masa, don doka ce shi zai zo ya ɗauka, ba ni zan kai ba. Haka muka yi ta yi. Ma'aikacin gwamnati guda, da farar rigar aiki, yana ratsa gari a ƙasa yana jan karya tana tirjewa. Masu zaman bakin hanya suka samu abin yi.

"Likita, amarya ta sake yaji?"

Ya ce, "Biko na je, ku yi mini addu'a."

In ya tashi daga aiki da la'asar sai ya rataya salka su fita bayan gari, ni ina biye daga nesa ta inda iska ba za ta kai mata warina ba. Ƙafafunsa suka yi bororo, bai fasa ba. Ranar da ba na mantawa, wata Lahadi ce da muka fita tun hantsi, rana ta buɗe sosai. Harshenta ya zazzago. Ya tsuguna ya zuba ruwa a tafin hannu ya miƙa. Ta ƙi, tana waige tana nemana. Ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa. Ya sake zubawa. Bai kira ta ba, bai ja igiya ba, bai matsa kusa ba. Ya yi ta zubawa yana tsiyayewa har salkar ta kusa lanƙwashewa, alhali shi ma bai sha ba. Na yi aiki da mafarauta masu suna, ban ga mai irin wannan haƙurin ba. Ina jin wajen ba yara marasa lafiya magani ya koye shi. Can ta miƙa wuya, ƙafafunta a baya kamar mai shirin gudu, ta lashe abin da ke hannun.

Saura kamu, daji kuwa babu komai a shekarar. Mun yi fita da yawa ko kurege ba mu tayar ba. Sai wata yamma a wani kwari kan hanyar Bambai, zomo ya fashe daga gindin sabara kusan ƙarƙashin ƙafarsa. Ya rikice ya riƙe igiyar da hannu biyu, na yi masa tsawa daga nesa ya saki baki guda. Zomon ya riga ya ba da tazara. Kinin ba ta yi haushi ba, ba ta yi tsallen banza ba. Ta miƙe ta kwanta da ƙasa, bayanta yana lanƙwashewa yana buɗewa, ƙafafun ba ka ganinsu. Zomon ya karya hagu, ita ta riga ta karya kafin shi. Ƙura ta tashi kaɗan, shi ke nan. Ta tsaya da shi a baki da ransa, ta ɗaga kai tana duban inda nake. Na zauna bayan sabara na ba ta baya. Na ji Likita ya yi bisimilla ya yanka. Da na leƙa ya buɗe cikin da ɗan tsagi mai tsabta irin na masu aikinsa, ya ciro hantar ya ɗora a tafin hannu. Ta ci. Amma da muka kama hanyar gida, tsakaninmu ta bi, ba ta fi kusa da kowa ba. Ya tambaye ni ko an gama. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas sa'ad da Agali ya shigo. Dogo ne, rawaninsa baƙi mai sheƙi, idanu kawai ake gani. Ya ce a kira mai horon ma. Muka zauna a tsakar gidan Likita kan tabarma bayan azahar, Agali ya karɓi butar shayi ya ce shi zai dafa. Kinin tana kwance can gindin katanga, ba igiya, idanunta a rufe. Ba ta tarbi wanda ya ba da ita ba, ba ta zo wurina ba, ba ta je wurin Likita ba. Agali ya dube ta daga zaune, haƙarƙari da ƙafafu da tafin sawu, bai taɓa ta ba, bai kira ta ba. Ya shiga zancen rijiyoyi da raƙuman da suka mutu. Likita yana ta juya kofi a hannu. Can ya gyara zama.

Ya ce, "Agali, akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina game da ita."

Agali ya ɗaga hannu ya ce, "Shayi tukuna."

Bai gama zubawa ba aka buga ƙyaure. Wata mata ce ba ko mayafi, ta ce ɗanta ya jawo tukunyar kunu ta kife masa a ƙirji. Likita ya miƙe, ya fizgi jakarsa daga ƙusa, ya tambaye ta ko sun shafa wani abu a wurin, ya ce kada a shafa komai, ya fice yana tambayar wace unguwa. Ko sallama bai yi mana ba, hularsa tana kan tabarma. Ya manta da baƙo, ya manta da kare.

Kinin ta buɗe ido. Ta tashi ta yi miƙa, gaba sannan baya, ba gaggawa. Hanyar ƙofa ta gabana take. Ta wuce dab da gwiwata har wutsiyarta ta shafi rigata, ba ta juyo ba. Daga inda nake zaune ina hango titi ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ta cim masa kafin kwana, ta daidaita tafiyarta da tasa a gefen hagu, kanta daidai jakar.

Agali ya ɗaga buta sama ya cika kofi har ya yi kumfa, ya miƙo mini. Da Buzanci ya yi magana, ya kira ni amidi, wato aboki.

Ya ce, "Sha, amidi. Kai an sallame ka."

Na karɓa na sha.

Ya ce, "Me yake son gaya mini ɗazu?"

Na ce, "Zancen karyar ne."

Ya ce, "Ta riga shi faɗa."

Likita ya ƙara 'yan shekaru a Tawa. Duk rani yana hawa arewa da allurarsa, Kinin a bayan mota, zanguna suna tsayawa. Nakan gamu da su a kasuwa, mu tsaya mu gaisa da shi mu daɗe, ita tana jingine da ƙafarsa tana kallon wani wuri kamar ba ta taɓa ganina ba. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa gabas, tare suka hau kamiyo.

Ni na ci gaba da aikin har babban fari ya zo ya share abin da ya rage. Kafin nan ma masu bindiga sun fara bin barewa da mota, abin da kare da mai shi za su yini suna nema su kwashe shi kafin shayi ya huce. Jama'a ta ƙaru, aka sare sabara aka shuka gero har bakin kwaruruka. Masu kawo mini kwikwiyo suka ragu, daga baya suka daina zuwa. Na koma sayar da igiya da salka a kasuwar dabbobi. Dajin da ake sakin kare a cikinsa ya zama gonaki, horon kare kuma ya daina zama sana'a a Adar.